Ɗigon Ruwa a Ƙarƙashin Motar Ungozoma

A layin kanikawa kowa Tamau yake ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Shekara talatin da huɗu yana buɗe inji yana haɗawa, bai taɓa yarda a auna masa ɗaurin noti ba. Wai kafaɗarsa ta san inda noti yake cewa ya isa. Maƙwabcinsa na gareji, Mai Littafi, wanda ba ya taɓa inji sai ya duba takardar kamfani, yana da sifana mai ma'auni, irin wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai lamba. Tamau ya raɗa mata suna sifanar malalata. Mutumin kirki ne, amma taurin kai kam Allah ya hore masa.

Sai hawan jini ya kayar da shi. Wata biyar yana kwance, ya tashi hannun dama ba kamar da ba. 'Ya'yansa suka ce ya rufe gareji ya huta. Ya ce a bar shi ya haɗa inji ɗaya tak, in ya zubar da ko ɗigo, shi da kansa zai sa kwaɗo.

Motar wata ungozoma ce, wadda yake gyarawa tun tana sabuwa. Ya wanke notikan fes da kananzir, ya shimfiɗa gasket mai hana yoyo, ya ɗora kan inji, ya bi ɗauri daga tsakiya zuwa gefe har zagaye uku, da hannu zalla. A ranar motar ta tashi lafiya. Washegari da hantsi ya leƙa ƙarƙashinta, sai ga ruwa ya jiƙa ƙasa faɗin faranti.

Ya zauna kan tsohuwar taya yana kallon tafin hannunsa, tsoro da kunya suka rufe shi.

Mai Littafi ya leƙo. "Yaya, lafiya na gan ka zugum?"

"Hannun ya tafi, ƙanena. Kan inji bai zauna ba."

"Wa ya ce? Bari mu tambayi malalaciya."

Ya ɗauko sifanarsa, ya saita lamba, ya bi notikan kan inji ɗaya bayan ɗaya. Tamau ya kau da kai, amma kunnensa na can. Ƙas. Ƙas. Guda goma, babu wanda ya motsa. Sai Mai Littafi ya zura yatsa ƙasan famfon ruwa, ya fito da shi a jiƙe, ya kwance noti ɗaya ya ɗaga shi sama.

"Ina gam? Wannan ai har cikin hanyar ruwa yake shiga. Ka wanke shi tas, ka mayar da shi tsirara!"

Tamau ya karɓi notin ya juya. Gaskiya ne. Hankalinsa duk ya tafi kan ƙarfin hannu, har ya manta shafa wa zaren noti gam mai toshe ruwa, aikin da a da yake yi ko yana hira.

"Hannunka ƙalau, Yaya. Kan ne ya tafi yawo."

Tamau ya yi dariya har da hawaye, bai ma ɓoye ba. Daɗi ya ji irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ya shafa gam, ya ɗaure, suka jira ya kama, suka cika lagireto. Injin ya yi zafi ya huce, ƙasa a bushe.

Da la'asar ungozoma ta zo, ta tsaya nesa kaɗan, don ta ji labarin alkawarin da ya yi wa 'ya'yansa.

"Baba, ta yi kuwa?"

Ya miƙa mata makulli da hannun dama. "Ta yi. Bayan wata guda ki kawo ta in sake duba notikan. Ina nan."