Tsamiyar da Yarima Ya Ƙona

A shekarar da tumatir ya yi kwantai a wajenmu, ni kaɗai na hallaka rundunoni. Da babban yatsa na hallaka su, a kan wata waya mai fasasshen gilashi, ina zaune a inuwar darbejiyar ƙofar gidanmu. Ni da ko kaza aka ce in yanka sai in tuna ina da uzuri a Kura.

Na gama karatu na dawo gida babu aiki, sai na naɗa wa kaina rawanin marubuci. Tun ina sakandare nake haɗiyar littattafan yaƙi, irin waɗanda ake fille kai uku da sara ɗaya, aljani ya shiga jikin ɗan sarki, dauloli su yi ta gwabzawa har jikoki su gaji faɗan. Na ce ai ni ma zan iya. Labarina na wani yarima ne da ya gaji aljani daga kakansa. Kakan matsafi ne, ya ƙulla alkawari da aljanin a gindin wata tsamiya, shi ne masifar take bin jinin zuri'arsa. A gefe guda kuma dauloli biyu suna yaƙi a kan kogi. Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba, don na taso ina ganin yadda manoman saman kanal da na ƙasansa suke kwashewa a kan ruwa duk rani. Dawaki kawai na ƙara musu da takubba.

Ina gama babi sai in tura wani zauren wasaf da na buɗe. Masu karantawa ba su taka kara sun karya ba, kuma a cikinsu akwai wanda kullum tambayarsa ɗaya ce, ko na san mai sayen albasa. Mai sauraro na gaskiya guda ɗaya na taɓa samu a rayuwata, kakata ce ta wajen uba da muke kira Iya, kuma a wannan ranin saura ƙiris in rasa ta.

Ga yadda na same ta. Motocin 'yan kudu ba su zo da yawa ba, kwanduna suka yi ta jeruwa a bakin titin Kadawa suna zubar da ruwa. Baba ya ce ba zai tsaya yana kallon guminsa yana ruɓewa ba, a yanka a shanya kauɗa. Aka share fili a bayan gida, kowa aka miƙa masa wuƙa, har da marubuci. Da na ga mata sun zauna sun yi da'ira hannuwansu a cikin aiki, sai na ce ga jama'a Allah ya kawo mini. Na ajiye wuƙa na ɗauko waya na gyara murya.

Kafin in gama kwatanta sulken yarima Umma ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ƙannena mata suka ja kwandonsu suka koma can nesa, wai rana ta juyo. Maƙwabciyarmu ta ce kamar ɗanta ne yake kuka. Iya kaɗai ta rage. Ƙafafunta sun daina kai ta nesa, inda aka shimfiɗa mata tabarma da safe nan take wuni sai an zo an ɗaga ta. Ni kuwa na ɗauki zamanta a matsayin shaidar gwanintata.

"Angona," ta ce, don haka take kirana tun ina cikin zani, "wannan surutun naka ana cinsa ne, ko shi ma shanya shi za mu yi?"

"Amarya, adabi ne. Ki dai kasa kunne."

Abin mamaki, ta kasa. Kuma ba wajen soyayya ko hikima ta fi so ba, wajen sara ta fi so. Tsohuwa da carbi a wuya, tana tsaga tumatir, in na zo inda sarkin yaƙin yamma ya zare takobi sai ta ɗaga wuƙa ta ce, "Sare shi, ɗan banza!" Da safe tun kafin in gama koko za ta aiko a tambaye ni ko an ci garin nan da aka yi wa ƙawanya. Kaina ya kumbura. Na fara tafiya a hankali, hannu a baya, kamar mai tunanin al'umma.

Akwai abin da na sani game da Iya, irin sanin da mutum yake yi wa tabon da ke bayansa. 'Yar Maguzawa ce. Ta musulunta ne lokacin da za ta auri kakana, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin an ambaci mahaifinta a gidanmu ba, ko da suɓutar baki. Ba hanawa aka yi ba, kowa dai ya san ba a yi. Ita ce ta fi kowa riƙon salla a gidan, ita take tashinmu da asuba da bakin sanda. Don haka ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa labarin matsafin kaka yana da wata alaƙa da matar da ke zaune a gabana.

Babin da na fi alfahari da shi shi ne na ƙona tsamiya. Yarima ya gane ba zai rabu da aljanin ba sai ya wanke jininsa daga kakansa. Ya je kufan gidan, ya cinna wa tsamiyar wuta, ya tone kabarin tsohon, ya watsa ƙasusuwan a kogi yana tsine masa. Na zuba fasaha wajen siffanta kakan: jajayen idanu, warin giya, jinin baƙin bunsuru a hannu. Na karanta da murya mai kauri, har da tsayawa in ja numfashi a inda ya dace.

Da na ɗago ina jiran yabo, sai na ga wuƙar Iya a ajiye a kan tabarma.

"Shi kakan nan," ta ce, "me ya yi wa yaron?"

"Matsafi ne fa, Iya."

"Na ji. Cewa na yi me ya yi masa?"

"To ai mugun gado ya bar masa."

"Ya taɓa hana shi tuwo?"

Na yi dariya, irin dariyar da masani yake yi wa wanda bai san kan adabi ba. Na fara yi mata bayanin cewa a irin wannan labarin dole a sami tushen sharri. Ba ta bari na kai ƙarshe ba, ta kira Umma ta ce a mai da ita ɗaki, rana ta dame ta.

Washegari ta ce a ɗaki za ta yi yankanta. Na zauna na yi nazari irin na marubuta, na gano inda matsalar take: labarin ya yi sanyi, yaƙi ya yi ƙaranci. Na koma na ƙaro daula ta uku daga arewa, da giwaye. Na je ƙofar ɗakinta na fara karantawa, sai ta miƙa hannu ta ƙure muryar rediyo. Na gaishe ta, ta amsa da "Lafiya lau, yaro." Yaro. Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan kalmar a bakinta a kaina ba. Babu ango, babu tsokana, babu cewa na cinye mata goro ban biya sadaki ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, fiye da yadda na nuna, har tuwo ya daina yi mini daɗi.

Umma ce ta warware mini, muna ɗura kauɗa a buhu, ni ina riƙe da bakin buhun.

"Kai da aka kashe wa kuɗin boko," ta ce, ko kallona ba ta yi ba, "wa kake tsammani ka tone ka watsa a ruwa a gaban tsohuwar nan?"

Sai a lokacin na tuna da mahaifin Iya. Ta ce in riƙe buhun da kyau, yana zubewa.

Na shirya jawabin ban haƙuri mai kyau, da gabatarwa da kammalawa, na yi ta bitarsa a bayan gida. Da hantsi na shiga ɗakinta na durƙusa. Ko sakin layi na farko ban gama ba ta katse ni.

"Babur ɗin ubanka da mai a ciki?"

"Akwai, Iya."

"To ɗauke ni."

Ni da Umma muka ɗora ta a baya, ta damƙe rigata da hannu biyu. Ta ce in bi hanyar gefen kanal, in nufi wajen Bunkure, kuma in tafi a hankali, ba yaƙi za mu ba. Gaskiya ko a lokacin marubucin da ke cikina bai mutu ba. Ina tuƙi ina hango kufai, da fasassun tukwane, da wata baƙar bishiya mai jemagu. Har na fara tsara yadda zan saka su a babi na gaba.

Inda ta ce in tsaya babu komai sai shinkafa. Kore shar har iyakar gani, ga injin ban ruwa yana ta ƙara, balbelu suna bin kunya, wani mutum can yana ɗaure tiyo da roba. A tsakiyar gonakin akwai wani falalen dutse da ya ɗan ɗago, da alama shi kaɗai ya gagari katafila lokacin da aka baje ƙasar don noman rani. Na riƙe ta muka taka a hankali har kansa, ta zauna tana haki.

"A nan muke shanya dawa," ta ce, tana shafa dutsen. Ta nuna gabas da haɓa. "Ƙofar gidanmu can. Tsamiyar tana bayanta. Ba yarima ne ya ƙone ta ba, mota ce ta tumɓuke ta, aka faskara aka yi girki."

Na zauna a gefenta a kan dutsen.

"Ubana idonsa ja ne, wannan ba ka yi ƙarya ba," ta ce, sai ta yi 'yar dariya. "Burkutu ne. Bunsurun ma yana yankawa, da idona na gani. Ranar da na ce masa zan auri kakanka, zan yi salla, bai ce mini uffan ba. Na kwana ina tsoro. Ranar kasuwar Kura ya fita tun da sassafe, ya dawo da buta sabuwa fil, ya ajiye a ƙofar ɗakina. Ya ce ya ji ana cewa masu salla ba sa rabuwa da ita, kada in je gidan mutane a ce ubana bai shirya ni ba."

Ta gyara mayafinta.

"Ranar sunan ubanka da ƙafa ya zo, da damin dawa a ka. Ya ƙi shiga. Ya tsaya a bayan danga, wai kada baƙi su gan shi su tuna 'yar wane ce ni. Ta saman dangar na ɗaga masa jaririn ya gani, ya juya ya tafi."

Injin ya ci gaba da ƙara. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan takalmina.

"Malamai sun ce wanda ya mutu a kan abin da ya mutu ba a roƙa masa gafara. Na ji, na bi, ban taɓa saɓawa ba. Kullum in na idar da salla ina jero mutanena, in na zo kansa sai in tsallake. Ka san nauyin wannan? Ba ka sani ba. Amma ban taɓa jin inda aka ce a tone shi a watsa a ruwa ba." Ta dubi shinkafar. "Ko da yake ko ka so tonewar, ban san a gonar wa yake ba yanzu."

Mai ɗaure tiyon nan ya hango mu ya taho yana goge hannu a wando. Ya rusuna ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ɓatan hanya kuka yi ne?"

Ta ce, "A'a, ɗan nan. Gida na zo."

Da muka dawo na sake rubuta babin. Yarima ya iso kufai da wuta a hannu, ya tsaya a gindin tsamiyar, ya kasa. Ya zauna har wutar ta mutu. Aljanin yana nan a jikinsa, ban san yadda zan yi da shi ba, har yau ma ban sani ba. Na tura zauren wasaf. Wani ya rubuto cewa wannan ai ba jarumi ba ne, malamin makaranta ne. Wasu suka fice ba sallama. Mai neman dillalin albasa ne kaɗai ya tsaya tare da ni, Allah ya saka masa.

Ranar da za a kwashe shanyar ƙarshe Iya ta ce a fito mata da tabarma waje. Na zauna a gefenta na karanta mata sabon babin, wannan karon da muryata ta gaskiya, wadda ba ta da wani kauri. Ta saurara har ƙarshe tana tsince kauɗar da ta yi baƙi tana jefarwa gefe.

"Ya yi sanyi," ta ce. "Gobe ka sare wani."

"To, Iya."

"Ina butar?"

"Wace buta?"

"Wadda na gaya maka. Ban ji ta a ciki ba."

Na ce na ɗauka sirrinta ne, shi ya sa ban saka ba. Ta daɗe tana jujjuya wata kauɗa a tafin hannunta.

"Ya sha tsayuwa a bayan danga haka nan," ta ce. "Shigo da shi, angona. Ka saka butar."