Farantin Gabas

Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, shi ya sa har yau da furfura ta fara leƙo mata, ba wanda ke kiranta da wani suna sai Ƴar Mai Rediyo. A shagonsa ta tashi, cikin ƙaurin dalma da tarin matattun batura. Da tsohon ya rasu ta gaji shagon, ta gaji riƙon ƙanenta Auta, ta kuma gaji taurin kai, wanda shi ne kaso mafi tsoka a gadon.

Da gyaran rediyo ya daina ciyar da gida, sai ta koma sayar da intanet. Manyan kamfanoni ba su ga abin da za su tsinta a ƙauyukan ba, ita kuwa ta gani. Ta jawo layi daga birni, ta kafa turken ƙarfe a kan tudun bayan kasuwa, ta ɗaura masa farantan eriya uku. Ɗaya na kallon makaranta, ɗaya na kallon ƙaramin asibitin yankin, na ukun kuma gabas, ƙetaren kogi. Da kanta take hawa, wando a ƙarƙashin zani, igiya a ƙugu, sufana a baki. Mijinta, bawan Allah, tun yana faɗa har ya gaji; in ya ga ta ɗauki igiya sai ya shige ɗaki, wai zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Iska ma zango-zango ce, kamar tashoshin rediyo. Akwai zangon da kowa ke hawa kyauta ba tare da lasisi ba, kuma a kansa ta fara. Muddin ita kaɗai ce, sabis ɗinta tas yake. Sai Auta ya yi gemu, ya ce shi ma ya iya, ya haye kogi ya kafa nasa turken. Ba ta hana shi ba, ai ita ta koya masa. Amma kan zangon nan ɗaya ya hau, faranti na kallon faranti.

Daga nan suka yi wautar da masu wannan sana'a suka saba yi. Nata ya fara sarƙewa, ta ƙara wa na'urarta ƙarfi. Nasa ya shaƙe, shi ma ya ƙara. Ta ƙara, ya ƙara, kamar mutum biyu da ke ɗaga wa juna murya a ɗaki guda har ba mai jin kowa. In sun haɗu a kasuwa ya durƙusa ya gaishe ta, “Yaya, ina kwana,” ta tambaye shi iyali, kowa ya koma ya sake murɗawa.

Asibiti ne ya ji a jikinsa. Ungozomar da ke riƙe da wurin da bidiyo take nuna wa likitan birni mai naƙudar da ta gagara, shi kuma ya faɗa mata ta riƙe ta ko ta tura ta birni. Wata safiya hoton ya daskare likita na tsakiyar magana, sai da aka saka matar a bayan mota bisa ƙaddara. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya. Ungozomar ta zo shago da kanta, ba ta ko zauna ba, ta ce in aka sake haka za ta cire eriyar ta ajiye mata a ƙofa.

Maganar ta yi wa Ƴar Mai Rediyo zafi ƙwarai, don da asibitin nan take tinƙaho. Ta ji kunya, ta kuma ji haushin kanta fiye da na Auta.

Dama ta ji labarin cewa hukumar sadarwa ta fara yanka wa ƙananan masu sana'a irinta wani yanki na zango, gunduma-gunduma, ba sai mai ƙarfin sayen ƙasa duka ba. In ka samu, naka ne kai kaɗai a yankinka, wanda ya hau maka kuma hukuma ce za ta sauke shi. Ta shirya ta tafi birni. Aka yi ta jefa ta daga wannan tebur zuwa wancan, ita kuwa ba ta san gajiya ba, har sai da aka haɗa ta da injiniyan da zai zo ya auna.

Injiniyan ya zo da na'urarsa, ya zagaya, ya yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye. Ƙarfin da take bugawa sai ta rage shi. Yankin lasisinta ya tsaya a bakin kogi, ƙetare na wata gunduma ne. Sannan unguwannin kudu da ke cikin yankinta dole ta kai musu sabis, don hukuma ba ta ba mutum zango ya kwanta a kai. In bai yi aiki da shi ba a karɓe. Faranti uku gare ta, ba na huɗu. Ke nan na gabas ne zai juya kudu.

A ƙetaren nan masu sayen sabis ɗinta na fari suke, kuma a can Inna take zaune, mahaifiyarsu, wadda kullum da hantsi sai ta kira ta a bidiyo ta ga jikoki ta yi mata faɗan rama. Inna ta sha cewa ita sabis ɗin ƴarta take so, na Auta yaro ne. Mijin ya ce ko za ta ɗan karkata farantin yadda zai riƙa lasar gidan Inna, wa zai sani? Ta harare shi ta ce irin wannan lashe-lashen ne ya kai su inda suke.

Ranar da lasisi ya fito, da rana tsaka ta ɗaura igiya ta hau. Daga can sama tana hango rufin gidan Inna. Ta kwance notunan, ta juya farantin kudu, ta ɗaure tam. Kafin ta sauko ungozoma ta kira ta a bidiyo daga ɗakin haihuwa, hoto garau, har tana iya karanta rubutun da ke jikin kwalbar magani. Ungozomar ta ce to, yanzu aka yi magana.

Tana taka ƙasa ta kira Auta. Ta ce ta sakar masa ƙetare gaba ɗaya, ya rage ƙarfin nan na banza, gobe kuma ya bi ta birni ta nuna masa teburin da zai nemi nasa lasisin.

“Yaya, Inna fa?”

“Taka ce yanzu. Ka je ka ɗaura mata faranti kafin hantsin gobe.”

“Za ta kore ni.”

“Za ta kore ka, sai ka koma. Kuma kada ka ɗaura a kan ɗakinta, mangwaron nan yana tare hanya in ya yi ganye. Ka kai shi kan rumbu, ka ƙara bututu ɗaya ya yi tsawo. Shekara guda na yi kafin in gane haka.”