Kwabon Rumawa a Hannun Taubashina

Shekara ashirin da wani abu ina tara kuɗin da ba sa sayen ko ƙullin gishiri. Abin ya samo asali ne daga kakata. Da ta rasu aka buɗe adakarta, aka tarar da anini bakwai a zarge da zare, kowa ya yi dariya ya ture, ni kuwa na zura a aljihu. Daga nan na kamu. Tarihi nake koyarwa a wata sakandare a Dutsin-Ma, duk ranar kasuwa in an tashi daga makaranta sai in bi rumfunan masu tsofaffin kaya ina tono. Na samu kwabo mai huji, na samu taro da sisi da sule, har liyari guda na azurfa na ƙwato a hannun wani maƙeri a Makera, ya riga ya hura wuta zai narka shi ya yi wa wata amarya zobe. Na sa kafinta ya yi mini faranti na katako mai gida-gida, na shimfiɗa auduga, kowane kwabo da ɗakinsa. Matata takan ce, "Malam, kai kaɗai ne mai kuɗin da ko mai ƙosai ba za ta kalla ba." Ban taɓa jin haushi ba. A garin nan in ana maganar tsohon kuɗi ƙofata ake nunawa, kuma ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, kwabon Rumawa. Ina koya wa ɗalibai labarin daularsu shekara da shekaru, amma kuɗinsu a waya kawai nake gani. Na kalli hotunan nan har na haddace su: kan sarki ta gefe, da ganye a ɗaure a kansa, da rubutu kewaye da bakin kwabon. Kuma duk inda na karanta, gargaɗi ɗaya masana suke yi, kada a kuskura a goge irin wannan kwabo. Koren da ya hau kansa shi ne shaidar shekarunsa, kuma sau da yawa shi yake riƙe da fuskar. In ka kankare shi, ka kankare sarkin. A farantina akwai gida ɗaya da na bari babu komai, ban gaya wa kowa dalili ba.

Sai ga taubashina ya dawo daga Libiya. Ɗan gwaggona ne, sa'ana, a Rawayau yake ta ƙasar Kurfi. Tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗayan bawansa ne, ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da an yi tsiya ba. Bai yi boko ba, noma yake yi da gini, ya tafi can ya yi shekara huɗu yana birkila. Na hau babur na tafi yi masa barka da dawowa. Muna zaune a zaure an kawo fura, sai ya ce bari ya sa kati ya kira wani abokin tafiyarsa. Ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan ƙarfe kore, ya hau kankare katin waya da shi.

Wallahi ludayin da ke hannuna sai da ya koma cikin ƙwarya. Na ce, "Kai, miƙo abin nan in gani."

Ya miƙo yana ci gaba da danna waya. Na fita da shi bakin ƙofa wurin haske. Ga kan mutum ta gefe, hanci a miƙe, ga ganyen nan a ɗaure a ƙeya, ga rubutu ya zagaye. A bayansa wani ne tsaye riƙe da mashi. Kore shar, ba ko ƙwarzane a fuskar.

Na ce, "A ina ka samu wannan?"

Ya ce, "Tushen gida muke haƙawa, diga ta tono shi. Na nuna wa Balaraben da muke wa aiki, ya ce in jefar ko in riƙe, shi duk ɗaya. Ya yi daɗin kankare kati, shi ya sa na bar shi."

Ka ji fa! Ni na shekara ashirin ina shan ƙura a kasuwa, shi kuwa diga ce ta miƙo masa, kuma kati yake kankarewa da shi. A nan na yi wautar farko, bakina ya kasa riƙe magana. Na ce masa kuɗin Rumawa ne, ya kusa shekara dubu biyu a duniya. Ya ajiye wayar, ya ce, "Rumawan da aka ambata a Alƙur'ani?" Na ce su fa. Ya fizge abinsa daga hannuna, ya dube ni, ya fashe da dariya.

"To, bawana, ashe ubangidanka ya fi ka tsohon kuɗi!"

Na yi yaƙe. Kafin in tafi na ja shi gefe na ce ya sayar mini, ya faɗi ko nawa. Ya ce Allah ya sauwaƙe, ina aka taɓa ganin ubangida ya yi ciniki da bawansa. Na ce to mu yi musaya, in ba shi liyarina na azurfa. Ya ce azurfa ai ta mata ce. Har na tayar da babur yana ɗaga mini kwabon a sama yana juya shi a rana. Tun daga Rawayau har gida ban san yadda na bi hanyar ba, huci kawai nake yi.

Abin bai tsaya nan ba. Labari ya bazu, kuma da bakina na baza shi, don duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Malam ne ya tabbatar." Liman ya gani, mai unguwa ya gani. Wasu malamai biyu daga jami'a suka ɗauki mota takanas suka je Rawayau, suka ɗauki hotonsa gaba da baya. Mutanen nan sun san gidana, sun sha shayi a zaurena, amma tun da nake ba su taɓa ɗaukar hoton kwabona ko ɗaya ba. Ranar da wata ɗaliba ta ɗaga hannu a aji ta ce, "Malam, wai gaskiya ne akwai wani a Kurfi da ya fi ka tsofaffin kuɗi?" sai da na ba ajin gaba ɗaya aikin gida shafi uku. Kishi ne, tsantsarsa. Na san sunansa tun a lokacin, ina sallah ina neman tsari da shi, in na sallame ya dawo ya zauna inda yake. Ko hoton kwabon na ƙi ɗauka, wai don kada ya ga na damu.

Wata ranar kasuwa taubashina ya zo Dutsin-Ma sayar da wake, ya biyo ta gidana. Yanzu ya daina kankare kati da kwabon, a ƙyalle yake naɗe shi. Ya ce in fito da farantina ya gani. Na fito da shi ba da son raina ba. Ya daɗe yana kallo, ya ɗauki sule ya ajiye, ya ɗauki liyari ya ajiye, sannan ya nuna gidan da ba komai.

"Wanga fa, na wane ne?"

Na ce, "Ba na kowa ba."

Ya warware ƙyallensa ya ɗora kwabonsa a gefen nawa. Ya ce, "Naka duk fes suke, nawa kamar an ciro shi daga rijiya. Uwargida ta ce in ba ta ta wanke shi da toka da lemun tsami, yadda take wa tasoshinta. Malam, kai ka san abin nan. A wanke?"

Malam ya ce da ni, bai ce bawana ba. Da gaske yake tambaya. Kalma ɗaya ce ake bukata, kuma tana kan harshena. Na dubi sarkin nan da ganyensa, na tuna malaman jami'a, na tuna ɗalibar nan. Wani abu a ƙirjina ya ce, bar shi, in ya lalace kowa ya huta. Sai na ji bakina yana cewa, "To, ai wankin ƙarfe mata sun fi mu sani."

Ya ce, "Ba zai ɓaci ba dai ko?"

Na ce, "Tasoshinta sun ɓaci ne?"

Ya yi dariya ya naɗe abinsa. Na raka shi har bakin titi ya hau mota. Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa gaya wa kaina, ban ce a wanke ba. Matata da ta ji mu daga tsakar gida ta ce, "Malam, ba kai ne ka yi mini faɗa ranar da na goge maka kwabo ɗaya ba?" Na ce ta kula da tukunyarta.

Sau uku ina ɗaukar waya in kira shi. Na farko na ajiye. Na biyu na kira, ba sabis a Rawayau, na ji wani sanyi a raina wai ai na yi ƙoƙari. Na uku ya ɗauka, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya zolaye ni, na zolaye shi, muka yi sallama ban ce komai ba.

Bayan sati biyu aka yi walimar saukar karatun ɗiyata. Da hantsi mutane sun cika ƙofar gida, sai ga taubashina da farar riga da kaji biyu a bayan babur. Da aka ci abinci aka fara watsewa, ya kama hannuna ya ja ni zaure, ya ce in ɗauko farantin nan. Na ɗauko. Ya fito da sabon hankici fari, ya ɗora mini a tafin hannu.

Ya ce, "Tun ranar da ludayi ya suɓuce maka a zaurena na san naka ne. Ni me zan yi da shi? Na dai ce sai na gasa ka tukuna, ko ba taubashi ba ne? Amma ba zan kawo maka abu da dauɗa ka sa cikin kayanka ba, kunya ce. Kwana uku uwargida tana fama da shi. Toka ta ƙi, lemun tsami ya ƙi, sai da ta haɗa da yashi da soson ƙarfe."

Na buɗe hankicin. Ja wur, yana ƙyalli. Sumul kamar gindin tsohon cokali. Inda kan sarki yake saura ɗan tudu, ba hanci, ba ganye. Mai mashin nan na baya ya tafi gaba ɗaya. A rubutun da ya zagaye, harafi biyu ne kawai suka rage, su ma sai ka karkata shi a haske.

Ya leƙo fuskata yana murmushi. "Ya yi kyau ko, Malam? Hannunta har ya ɗaye."

Na ce, "Ya yi kyau. Allah ya saka da alheri. Ka yi mata godiya."

Hawaye suka zubo mini, na kasa tare su. Ya buga mini kafaɗa yana dariya, ya leƙa waje ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga bawana yana kukan daɗi!" Shi da kansa ya karɓa ya sa shi a gidan nan da ba komai, ya gyara masa auduga da ɗan yatsa.

Kwabon yana nan har yau. Duk baƙon da na buɗe wa farantin, shi yake fara ɗauka saboda ƙyallinsa, ya juya gaba ya juya baya, ya ce, "Wannan kuma na wace ƙasa ne? Ba komai a jikinsa." In ce na Rumawa ne, da akwai sarki a kai. Wasu su yarda, wasu su yi mini kallon mai ƙari. In taubashina ya zo ranar kasuwa, yakan buɗe ya ga ko ya fara dusashewa, ya ce in ya yi duhu in aiko da shi uwargida ta ƙara gogewa. Har yanzu ban gaya masa ba.