Kanumfarin Da Ya Toshe Mini Hanci

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru, ni mai sayar da kifin ƙanƙara ne a kasuwar Batsari, irin na teku da ake kawo mana a kwali. Babban abokin gabata zafi ne, don kafin azahar ƙanƙara ta narke, kifi ya saki jiki. Ga ni kuma da son bin diddigi, komai na gani sai na ji dalilinsa.

Akwai ɗiyar baffana, malama ce a jami'a. Da ta zo ganin gida Safana, sai ta biyo rumfata ta sayi kifi, tana sa kowanne a ledarsa tana rubutu a jiki. Na tsare ta da tambaya. Ta ce bincike take yi kan yadda kifi zai daɗe bai lalace ba, tana gwada ruwan kanumfari da wasu ganyaye. Ta ce a cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani tsari kamar rubutu, suna kiransa DNA, kullum yana samun lahani, kullum mai rai yana gyara abinsa. Har ƙwayoyin da ke ruɓar da kifi suna gyara nasu, ita kuma so take ta gano abin da zai hana su. Na saki baki. Na tambaye ta ko rubutun akuya ya bambanta da nawa, ko tsufa gajiyar gyaran ce. Tana dariya tana amsawa har la'asar.

Washegari na dafa kanumfari na tsoma kifi. Ya yi ƙamshi, ƙuda ma suka ja baya. Na ji kamar ni na gano abin. Cikin mako guda na daina sayen ƙanƙara.

Wani aminina na Yasore ya ɗauki kwali biyu don sunan ɗiyarsa. Aka soya, aka ci. Ba a watse ba mutane suka fara ƙaiƙayi da ciwon kai da amai. Mahaifiyarsa sai da aka kwantar da ita asibiti ana mata ƙarin ruwa. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Da ya zo rumfata bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, “Malam, ni ka ba wannan kifin?” Har yau ina cewa da ma zagin ya yi.

Nan take na kira ɗiyar baffana a waya. Ta tambayi awa nawa kifin ya yi ba sanyi, na faɗa mata, ta yi salati. Ta ce nata kifin bai taɓa fita daga firji ba, kanumfarin ma awo take yi, kuma binciken bai kammala ba. Kifin teku idan ya sha zafi yana tara wani dafi da suya ba ta kashewa, ƙamshin kuma ya ɓoye warin da zai gargaɗe ni. Ta ce da na tambaya ko zan iya gwadawa, da ta hana ni nan take.

Na koma ga ƙanƙara, amma mutanen Yasore ba su dawo rumfata ba, kuma ban ga laifinsu ba. 'Yan uwana masu sana'ar abinci, tambaya ba laifi ba ce, ni ma ban daina ba. Sai dai abin da masani ya ce yana kan gwadawa, ku bar shi ya gama. Shi a kwalba yake gwajinsa, ni a cikin mahaifiyar aminina na yi nawa.