Baba Tsoho da Batirin da Na Jefa a Burtsatse

Shekara shida ke nan da rasuwar kakana, Malam Sule mai haƙar rijiya, wanda mu jikokinsa muke kira Baba Tsoho. Ina da shekara goma a lokacin. Yanzu ina aji biyar na sakandare, kuma na so in rubuta masa abu mai sa hawaye, irin wanda manya suke rubutawa a jarida. Sai dai a bana na tafka wata ɓarna a ƙauyenmu, kuma duk ta inda na ɗauko zancensa sai in tarar da ita a gabana. Don haka bari in haɗa su.

A ƙauyukan da ke kewaye da Makoda, da wuya ka sha ruwan tsohuwar rijiya wadda babu hannunsa a cikinta. A lissafina ya haƙa rijiya dubu. Inna, mahaifiyata, ta ce in rage, to na rage, amma dai da yawa. Ranar da aka cimma ruwa, ba mai sha sai an miƙa masa gugan farko. Zai kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido, mutane sun yi cirko-cirko kamar masu jiran hukuncin alƙali. Can sai ya ce "Garɗi," ko ya ce "Zartsi." In ya ce zartsi, wato ruwa mai gishiri-gishiri wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, mai rijiya sai haƙuri.

Ni kuwa Rediyo yake kirana. "Rediyo, zo ki ba mu labarai, amma ki cire ƙarya." In na cire, sai ya ce labarin ya yi salam, in mayar da ita.

Bai ga burtsatsenmu ba. Bayan rasuwarsa aka haƙa shi, mai aiki da hasken rana, ga tanki a sama, ga famfuna a jere. Kafin nan, da bazara ta yi nisa rijiyoyi sukan janye, sai mata su koma kududdufin da ake ɗibar ƙasar bulo, inda shanu ma suke sha. Sau da yawa nakan tsaya a layi ina tunanin yadda zai yi da ruwan da ya fito daga zurfin da igiyarsa ba ta taɓa kaiwa ba. Na san dai sai ya kurɓa.

To, a bazarar bana malamarmu ta kimiyya, Malama Zainab, ta yi mana darasi a kan wani sinadari mai suna litiyam. Ta ce da shi ake yin batirin waya, kuma likitoci suna ba da shi a matsayin magani ga wasu masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ta ce yana cikin wasu duwatsu, don haka ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauko ɗan kaɗan, kaɗan ɗin da harshe ba ya ji. Shi ya sa a wasu ƙasashe ake bin garuruwa ana auna shi a ruwan famfo, don na wannan gari ba lalle ya zama daidai da na wancan ba, kamar a ce Bichi daban, Wudil daban, Rano daban. Ta maimaita "ɗan kaɗan" sau uku. Ni batir kawai na ji.

Da yamma na iske layi a burtsatse, na ajiye jarkata na gyara murya.

"Kun san abin da kuke sha kuwa? Litiyam! Abin da ke cikin batirin waya."

Maƙwabciyarmu Inna Lami ta ce, "Ke Binta, ki ji tsoron Allah."

"Malama ce ta faɗa. Nan da baɗi, duk wadda wayar maigidanta ta mutu, riƙe ta kawai za ta yi a hannu ta cika."

Aka kwashe da dariya, har wata ta ce to ita a ƙara mata guga biyu. Na koma gida ina jin kaina. Ban lura ba ashe Inna Lami ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kai tana kallon faifan sola da akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashinsu.

Cikin kwana uku labarina ya dawo mini ya yi ƙiba, har ban gane shi ba. Wai batirin sola ne ya fashe, ruwansa yana bin bututu yana gangarawa ƙasa. Wai an ga wani mutum haƙoransa suna walƙiya. Wai 'yan makaranta ne suka gano, ana ɓoyewa. Layi ya watse. Rijiyoyi sun riga sun janye, don haka mata suka ɗauki tulu suka nufi kududdufi. A cikin makon Ummi, 'yar Inna Lami mai shekara biyu, ta kamu da gudawa da amai. Na ga lokacin da aka fito da ita a kan babur, wuyanta ya langaɓe. Kwana uku tana asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, ni kuma kwana uku bakina bai buɗe ba. Duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

A kwanakin nan na yi ta tambayar kaina me Baba Tsoho zai ce. Ba na jin zai dake ni. Ina jin zai ji haushin cewa akwai abu a ruwa wanda harshensa ba zai kama ba, ya yi kwana biyu yana mita, sannan ya ce a kai shi wurin na'urar da ke iya gano abin su gaisa. Amma ni, kallona kawai zai yi. Shi da yake sa ni mayar da ƙarya a labari, ban taɓa jin ya yi wasa da zancen ruwa ba.

Babana ya kira mai gyaran injin, ya buɗe akwatin a gaban mai unguwa da jama'a. Wayoyi ne kawai a ciki. Babu batir, ba a ma taɓa sa shi ba. Mai gyaran ya ce shi ya sa in rana ta faɗi injin yake tsayawa, sai abin da ke tanki. Malama Zainab ta zo da kanta ta cika kwalba ta kai ɗakin gwaji a Kano, aka ce ruwan lafiyarsa ƙalau. Litiyam ɗin kuwa, sun ce auna shi sai da wata na'ura daban. Don haka har yau ban san ko nawa ne a ruwanmu ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Na dai faɗa wa Malama in Allah ya yarda ni zan zo in auna shi, in bi garuruwan jihar nan ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka wasu gidajen ba su dawo ba, don takardar sakamakon gwaji ba ta shiga zaure. Inna ta yafa mayafi ta tasa ni a gaba. "Da bakinki kika zuba, da shi za ki kwashe. Wuce mu je." Gida-gida muka bi, ina sallama ina cewa ni ce na faɗa, kuma ƙarya na yi. Na faɗa sau miliyan. Inna ta ce gida goma sha tara ne.

A gida na ƙarshe, wata tsohuwa, Goggo Tabawa, ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Jikar Malam Sule ce ke? Zauna." Ta ce ya taɓa haƙa musu rijiya, wata biyu yana cikin rami. Da ya kurɓa ya ji zartsi, ba wanda ya lura, kowa murna yake. Shi ya faɗa da bakinsa, ya cike ta da hannunsa, ya koma gefe ya fara wata. "Shi ya sa in ya ce a sha, ko jariri muke ba. Ke yanzu me kika ce?"

Na ce, "Goggo, a sha."

Sai ta ƙwala wa surukarta kira ta ce a zubar da ruwan kududdufin da ke randa.

Rijiyoyinsa da yawa sun rufta, wasu an rufe su da siminti. Abin da ya rage shi ne, shekara shida bayan an binne shi, wata tsohuwa ta yarda da maganar maƙaryaciya irina saboda shi. Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Ummi ta warke, jiya ma ta cije ni. Uwarta har yanzu ba ta amsa gaisuwata da kyau, amma da safen nan jarkarta tana gaban tawa a layi.