Wasiƙar Begila da Ban Kai Ba

Surukina tsohon soja ne, kuma shi ya koya mini ABCD. Duk Zangon Kumasi Masta ake ce masa. Da ƙuruciyarsa an kai su Kwango aikin kwantar da tarzoma, ya dawo da tabo a ƙwauri da agogo a hannu, kuma wallahi agogon ya fi tabon wahalar da mu. A bariki ya koyi boko. Da ya ajiye kaki sai ya roƙi wani malamin allo ya ba shi rumfa, ya fara koyar da 'ya'yan unguwa karatu da lissafi, a lokacin da iyayenmu ke ganin boko hanyar wuta ce. Rumfar nan ita ta zama makarantar da rabin Zango suka bi ta cikinta.

Ƙofar makarantar ƙarfe bakwai da rabi ake rufe ta. Zai tsaya da usur a baki yana kallon agogo, lokaci na cika ya busa, ya ja ƙofa. Ba ya duka. Barin ka kawai zai yi a waje, masu koko da masu wake da shinkafa suna wucewa suna maka sannu. Ni na fi kowa shan wannan sannun, har ya sa mini suna sarkin latti. Kullum maganarsa ɗaya ce: mu 'yan Zango ba mu san darajar lokaci ba, in aka ce suna ƙarfe takwas sai sha ɗaya ake yanka rago, amma a soja in an ce bakwai, to bakwai saura kwata ake nufi. Mun ji wannan huɗubar har mun haddace ta.

To ka ji ikon Allah, duk samarin unguwa ni na auri 'yarsa. Ranar ɗaurin aure an sa ƙarfe goma, baffannina suka iso sha ɗaya da goro da alewa suna fara'a. Suka tarar Masta ya naɗe tabarmarsa ya shige gida. Sai da liman ya bi shi har ɗaki yana ba shi haƙuri kafin aka ba ni mata. Ni kuwa hali zanen dutse, na girma na buɗe shagon kayan gyaran mota a Suame, kuma ko yau in na ce wa mutum ina nan zuwa, ya san ya samu wurin zama.

Da tsufa ya kama shi sosai, buri ɗaya ya rage masa: a busa masa begila ranar da aka binne shi, kamar yadda ake yi wa sojoji. Malamai suka ɗan yi gunaguni, busa a makabarta kuma? Ya yi ta zarya gidan liman da sandarsa har suka daidaita. Za a yi sallah, a binne, a yi addu'a, sannan mai begila ya tsaya daga bakin ƙofar makabarta ya busa sau ɗaya. Saura ofishin tsofaffin sojoji. Su sun saba da jana'izar maƙwabtanmu Asante, wadda ake ajiye gawa a firjin asibiti wata biyu ko uku ana shiri. Musulmi kuwa in ya rasu da safe, kafin la'asar yana kabari. Saboda haka duk tsohon sojan da yake Musulmi sai ya kai takarda tun yana raye, a sa sunansa cikin waɗanda waya ɗaya ta isa a turo musu mai busa.

Ya rubuta wasiƙar da hannunsa, rubutun nan nasa mai tsayuwa kamar 'yan fareti. Ya kira ni ya miƙo mini.

"Kai ke da babur, kuma kan hanyarka ne. Gobe ka kai."

"In sha Allahu, Baba."

"Na san in sha Allahun 'yan Zango. Gobe na ce."

Na sa ta a durowar shago, ƙarƙashin rasitai. Washegari kaya suka iso daga tashar jiragen ruwa ta Tema. Rana ta uku aka yi ruwa. Daga nan kuma ban san me ya faru ba, kwanaki dai suka yi ta tafiya. Bayan mako guda ya tambaye ni ko na kai, bakina ya riga hankalina, na ce na kai. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce madalla. Tun daga ranar duk lokacin da na buɗe durowar nan sai in ce gobe da sassafe, in mayar in rufe. Haka aka yi wata huɗu.

Ran wata Talata ya sha kokonsa, ya ce a ɗauko masa rediyo, kafin a kawo ya cika. Matata ta kira ni tana kuka, kuma cikin kukan ta ce in buga wa mutanen begila waya, an sa jana'iza bayan azahar. Innalillahi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba. Na buɗe durowa na ɗauki wasiƙar, har ta yi tabon baƙin mai a gefe, na hau babur.

A ofishin na samu wani dattijo Ba'asante, mutumin kirki. Ya miƙe tsaye ya yi mini gaisuwa, ya jawo kalanda ya tambaye ni wane wata muka sa bikin binnewa. Na ce yau, ƙarfe biyu. Ya ajiye biro. Ya ce in mun yarda a kai shi firji ko mako biyu ne, za a yi masa komai, tuta da fareti da harbin bindiga. Na ce Masta a firji? Ai 'yan Zango ni za su binne a madadinsa. Sai ya buɗe wasiƙar, ya duba kwanan watan da ke samanta, ya ɗago ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce mai busan da ke bakin aiki ya tafi wata jana'iza a ƙauye, amma akwai wani tsoho a Oforikrom da ya yi ritaya da begilarsa, in gwada sa'ata.

Na samu tsohon yana ba kaji dawa. Da ya ji soja ne ya rasu, bai tambayi ko sisi ba, amma ya ce shi ba zai busa wa soja da rigar gida ba. Haba! Ina tsaye ina kallo ya hura gawayi, ya goge kakinsa, ya goge takalmi, ya shafa wa begila toka har tana ƙyalli. Ina cewa Baba lokaci, yana cewa an fi son a yi abu daidai. Na ji kiran azahar muna tsakar gidansa. Na goya shi a babur, muka faɗa cunkoson motocin haya na tirotiro, yana riƙe da ni da hannu ɗaya, begila a ɗayan. Ni a raina ina lallashin kaina, ai mutanenmu ne, in sun ce biyu sai uku da rabi.

Ashe akwai abu ɗaya da 'yan Zango ba sa yi wa latti. Muna isa makabartar Tafo mutane na fitowa, suna wanke jar ƙasa daga hannuwansu. Ɗaruruwan mutane ne, yawancinsu ɗalibansa, 'yan kasuwa da direbobi da likita har da masu furfura, kowa ya zo kan lokaci. An yi sallah, an binne, an yi addu'a. Mutumin da ya koya mini karatu ya ba ni 'yarsa, ban sallace shi ba, ban zuba masa ƙasa ko tafi ɗaya ba. Motoci suka yi ta tashi, mai gadi ya jawo ƙofa.

Tsohon bai damu da watsewar jama'a ba. Ya gyara hula, ya ƙame a bakin ƙofa, ya busa. Numfashinsa ya gaza a tsakiya, ya tsaya ya sake ɗauka. Masu sauraro ni ne da mai gadi da wata mai sayar da ruwan leda. Ina tsaye a wajen ƙofa kamar shekarun firamare, na yi kuka har majina.

Da yamma na shiga wurin matata, mata sun cika tsakar gida ana zaman makoki. Ta jawo ni gefe ta tambaye ni ko an busa. Na ce an busa. Sai na ga ƙaryar ta ishe ni haka, na fara gaya mata zancen durowa. Ta ɗaga mini hannu.

"Baba ya sani," in ji ta. "Tun ranar da ka ce ka kai ya gaya mini ba ka kai ba. Na ce bari in karɓo in kai da kaina, ya hana ni. Ya ce a bar shi, yaron nan bai taɓa ƙin zuwa ba, zai zo, sai dai ya tarar an rufe ƙofa."