Gemun Malam

Shekara goma sha tara ina kwana da minsharin maigidana, Malam, ban taɓa kai ƙararsa ba. Shirun da ke biyo bayan minsharin ne ya fara ba ni tsoro. Sai ya ja, ya ja, sannan ɗif, ƙirjinsa yana motsi amma iska ba ta shiga. Nakan ɗauki carbi ina ja ina jira. Wani lokacin sai na wuce ashirin kafin ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Da rana kuwa gyangyaɗi. Yana cikin biya wa magidanta karatu a zaurenmu na unguwar Takur sai littafi ya zame daga hannunsa. Sai da barci ya ɗauke shi a kan babur a hanyar Kiyawa, ya faɗa gonar gero, sannan ya yarda muka je asibiti.

Aka ba shi na'ura 'yar ƙarama kamar rediyo, da tiyo, da abin rufe hanci da baki. Iska take turawa don kada maƙogwaro ya toshe. Sai dai abin ya ƙi zama a fuskarsa. Malam yana da gemu har ƙirji, irin na mahaifinsu, iskar ta riƙa sulalewa ta cikin gashin tana fito, tana hura masa ido. Mun gwada na hanci kaɗai, bakinsa yana buɗewa. Likita ya ce sai an rage gemun sosai.

Mako biyu ina roƙo. Ya ce sunna ce. Na ce, "Malam, ran ma ai amana ce." Wani dare bayan isha'i ya miƙo mini almakashin ɗinkina, ya zauna a tabarma ya rufe ido. Ba ya son wanzami ya yaɗa zancen. Na yanke gemun, na tattara gashin na binne a gindin zogale.

Kwana tara muka samu na sauƙi. Yakan tashi kafin kiran assalatu idonsa garau. Har mafarki ya ba ni labari, shi da ya ce ya manta yadda ake yinsa. In zai fita sai ya naɗa rawani ya rufe haɓarsa.

Ranar Juma'a yayansa ya zo daga Kiyawa, shi da ke riƙe da makarantar mahaifinsu. Na kai musu fura zaure, akwai maƙwabta huɗu ko biyar. Ina durƙushe ina gaishe shi ya kai hannu ya ja rawanin Malam ƙasa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ƙanina na zo nema. Wannan 'yar budurwar ta wane gida ce?"

Aka yi dariya. Malam ma ya yi, kaɗan. Ya fara bayanin likita, Yaya ya ce a kawo abin ya gani. Ni na ɗauko. Ya kara shi a fuskarsa, ya kaɗa tiyon kamar hancin giwa.

"Da wannan za ka tsere wa Mala'ikan mutuwa? Baba ya yi minshari har tsufansa, da gemunsa muka binne shi." Ya juyo gare ni. "Wa ya yi askin?"

Na fara haɗa kwanuka.

"Na sani. Yankan ɗinki ne. Saura ki ɗaura masa zane, ƙanwata."

Na kwashe kwanuka na shige. Har madafi ina jin su.

Malam ne yake jan salla a masallacin layinmu idan liman ba ya nan. A wannan makon liman ya yi tafiya, aka tada iƙama, wani dattijo ya dafa kafaɗar Malam ya tura wani gaba. Ya dawo gida bai taɓa tuwo ba. Ya naɗe tiyon, ya sa na'urar a kwalinta, ya ɗora saman kabad.

Na ce, "Malam, don Allah."

Ya ce, "Kin samu abin da kike so. Kin yi barcinki kwana tara." Bai taɓa yi mini magana da irin wannan muryar ba. Ban gaya masa cewa a kwana taran nan ma zama nake ina kallonsa ina godiya ga Allah ba.

Gemu ya tofo. Minshari ya dawo, da shirunsa. Wata bakwai bayan nan Yaya ya sake zuwa. Ya kama gemun ya jijjiga, ya ce, "Yawwa, yanzu na ga ɗan Baba." Suna shan fura a zaure da maƙwabta, yana cikin ba da labarin girbi kan Malam ya langaɓe, bakinsa a buɗe. Yaya ya nuna shi da ludayi.

"Ku duba min malaminku. Ko aya ba a kai ba."

Babur dai na ɓoye makullinsa, ya yi faɗa ya gaji. Kwalin yana nan saman kabad, ina share masa ƙura duk Alhamis. Jiya na ja carbi talatin da ɗaya kafin ya numfasa.